Mai Makulli da Amsoshin Aro

A ƙarƙashin matakalar wani bene mai hawa uku, daura da inda motocin haya ke tsayawa, akwai shaguna biyu waɗanda bangon katako ya raba. Na dama na mai yanka makulli ne, na hagu kuwa na mai gyaran agogo. Faɗin kowannensu bai wuce mutum ya miƙa hannuwansa ya taɓa bango da bango ba. Tun da na ajiye alli na bar koyarwa, a kan bencin da ke gaban shagunan nan nake shafe yawancin yammacina. Saboda haka abin da zan faɗa game da Mai Makulli, wani da idona na gani, wani kuma shi da iyalinsa suka ba ni labari bayan kunya ta sake shi.

Mai Makulli gajeren mutum ne mai kauri, wanda gemunsa ba ya rabuwa da garin ƙarfe, har in rana ta haska shi sai ka ga yana ƙyalli. Mahaifinsa direban babbar mota ne, ya so ɗansa ya yi karatu mai zurfi, amma yaron ya tsaya a aji huɗu, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ba rashi ne ya tsayar da shi ba, shi da littafi ne jininsu bai haɗu ba. Da aka gaji, aka kai shi wurin wani tsoho mai gyaran kwaɗo, ya yi shekara bakwai yana riƙe masa zarto kafin a yarda ya yanka makullinsa na farko. A nan kuwa Allah Ya buɗa masa. In ka miƙa masa makulli, ba ya ko dubansa. Babban yatsa yake bi da shi a kan haƙoran, ya gaya maka ko na ƙofa ne, ko na akwati, ko na kabad ɗin da matarka ta hana ka buɗewa. In ya gama yanka sabo, sai ya hura shi sau biyu, ya goge a hannun rigarsa, ya ce, “In bai buɗe ba, ƙofarka ce ba ta da tarbiyya.”

Addininsa irin na masu aikin hannu ne: ya san yadda ake yi, bai san yadda ake faɗa ba. Salla ba ta wuce shi, azumi ba ya sha, yana da surorin da yake sallarsa da su. Amma in ka tambaye shi dalilin wani abu, sai ya dube ka kamar ka ce ya bayyana maka abin da ya sa ruwa ke jiƙa mutum. Ilimin gidansa yana wurin matarsa, wadda yake kira Maman yara. Ita 'yar wani malami ce da bai sami 'ya'ya maza ba, ya zauna ya karantar da 'ya'yansa mata duk abin da ya tanada domin mazan. Mace ce marar yawan magana, mai dariya a ciki, irin waɗanda in sun yi shiru ya kamata mutum ya binciki kansa.

Maƙwabcinsa mai gyaran agogo Kirista ne, dogo, siriri, kullum da ɗan gilashi maƙale a idonsa na dama. Kowa Minti yake ce masa, domin duk wanda ya kawo agogo sai ya ce masa, “Minti biyar,” ko da aikin zai ci mako biyu. Shekararsu ashirin suna maƙwabtaka. In Mai Makulli ya tafi masallaci, Minti ke leƙa masa shago. Ranar Lahadi kuma Mai Makulli ke karɓar agogunan da aka kawo, ya sha zagin masu jiran nasu a madadin abokinsa. Ba sa wuni ba su tsokani juna ta cikin bangon katakon nan ba, kuma daga tsokana ce maganar ta taso.

Wata rana, shekara huɗu kafin abin da zan ba da labarinsa, shagon Mai Makulli yana da mutane uku suna jira, sai Minti ya ƙwanƙwasa bango.

“Makulli!”

“Na'am, sarkin alkawari.”

“Ba kai ne kullum kake cewa Allah ne mai tsarewa ba?”

“Shi ne mana.”

“To kwaɗon nan da kake sayar wa mutane na mene ne? Ko taya Shi kake yi?”

Masu jira suka kwashe da dariya. Mai Makulli ya dubi masu jiran. Sai ya gyara hula, ya ce, “Tambaya irin wannan ba a amsa ta a tsaye. Sai gobe.”

A gida ya kai ƙara wurin Maman yara, tana ninke wanki. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, “Ka ce masa Wanda ke tsarewar Shi Ya ba mutum hannu da hankali, Ya ce a yi amfani da su. Kulle ƙofa ma biyayya ce. Ka kulle, sannan ka san ba kwaɗon ne ya tsare ka ba, domin an sha fasa gida mai kwaɗo uku a bar mai labule.”

Washegari da safe Mai Makulli ya yi gyaran murya, ya zuba wannan amsa daga farko har ƙarshe. Minti ya cire gilashin idonsa, abin da ba ya yi sai in magana ta yi girma, ya zagayo ya tsaya a ƙofar shagon.

“Ashe da malami nake zaune duk shekarun nan ban sani ba? To, Malam, na gode.”

A daidai nan ya kamata Mai Makulli ya ce, “Matata ce ta faɗa.” Kalmomi huɗu ne kacal. Amma tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa kiransa Malam da niyyar ilimi, sai da niyyar a cika masa aiki da wuri, kuma kalmar ta yi masa daɗi a kunne. Sai kawai ya shafa gemu.

Daga nan tambayoyi suka riƙa zuwa, mako biyu ko uku sai ga wata, kuma kowace ta fi 'yar'uwarta nauyi. Minti ya tambaya, in Allah ba Ya buƙatar komai, me zai yi da sallar mutum sau biyar a rana. Aka ce sai gobe, goben ta zo da amsa: ba abin da zai yi da ita, mai sallar ne ke da buƙata, domin kwaɗon da ba a buɗe shi kullum tsatsa yake yi, ran da ake son sa ya ƙi, zuciya ma haka take. Ya tambaya ko ana tilasta wa mutum shiga Musulunci, aka ce makullin da aka cusa da guduma ba ya buɗe ƙofa, karyewa yake yi a ciki. Maman yara da gangan take saka kwaɗo da makulli a cikin amsoshin, don kada mijinta ya zubar da su a hanya. Da Minti ya tambayi matsayin Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, amsar ta zo a tsanake: mutum bai zama Musulmi ba sai ya gaskata shi, ya kuma girmama mahaifiyarsa; inda aka rabu shi ne Musulmi na cewa bawan Allah ne kuma ManzonSa, ba ɗa ba; wannan rabuwa ba a ɓoye ta don a faranta wa maƙwabci, ba a kuma zagin maƙwabci a kanta. Minti ya yi kwana biyu yana jinjina wannan magana.

Ni dai daga kan bencina tun a wata na biyu na gane akwai lauje cikin naɗi. Na yi shekara talatin da biyar ina duba aikin gida, na san fuskar ɗalibin da ya kwafo. Idonsa yana kan rufin ɗaki, muryarsa tana tafiya a layi ɗaya, in kuwa ka katse shi a tsakiya sai ya koma farko. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba mai amsar kaɗai ke da wannan fuska ba, har da mai tambayar. Na kama bakina, domin ba ni aka ba aikin dubawa ba.

Abin da mazan biyu ba su sani ba ya faru ne a asibitin ido. Maman yara ta je a auna ta don tabarau, aka ɗiga mata maganin nan da ke sa gani ya dushe, aka ce ta jira a benci. Kusa da ita akwai wata mata mai jiki da fara'a, ita ma an ɗiga mata. Wannan ita ce matar Minti, wadda kowa ke kira Sista saboda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Ba su taɓa haɗuwa ba, domin gidajensu na nesa da juna, shaguna ne kawai ke maƙwabtaka. Da azahar ta yi, Maman yara ta tambayi inda za ta yi salla. Sista ta san lungunan asibiti, ta kama hannunta, suka tafi suna lalube su biyu. Bayan sun dawo benci sai hira ta ɓarke.

“Ni fa sallar nan taku a da ba na gane ta,” in ji Sista. “Sai da wani babban malami, maƙwabcin mijina, ya bayyana mana. Ya ce zuciya kamar kwaɗo ce, in ba a buɗe ta kullum tsatsa take yi.”

Maman yara ta juyo, ta ce, “Kwaɗo?”

“Kwaɗo. Mutumin nan ilimi gare shi, 'yar'uwa. Ba ya ma amsawa nan take, sai ya kwana yana nazari.”

“Allah Sarki. Malamin nan, ba wani gajere ba ne mai ƙyallin gemu?”

“Kin san shi?”

“Ina ɗan ganinsa. Ni nake wanke masa riga.”

Da Sista ta gane, sai ta dafe ƙirji. Maman yara ta tambaye ta ko mijinta ne ke tsara tambayoyin, don ita ta daɗe tana yaba hankalin mai yin su.

“Mijina? Wanda ke yin gyangyaɗi a coci tun ba a gama waƙar farko ba? Ni ce nake ba shi, ya haddace a mota! Shekara talatin ina jinyar Musulmi, tambayoyi cike da cikina, ban sami lokacin yi ba.”

Suka yi dariya har hawaye ya wanke maganin, sai da aka sake ɗiga musu. Kafin a kira su wurin likita sun gama shirya abin da za su shirya.

Ranar Litinin Minti ya zo shago baki har kunne. Ya ce Madam, wato matarsa, ta gaji da jin ilimi daga bakinsa, tana son danginsu su ji daga tushe. Ranar Asabar bayan la'asar za a taru a gidansa, 'yan'uwa da surukai, kowa ya kawo tambayarsa game da Musulunci, Malam ya amsa a nan take. Ya ƙara da cewa ya riga ya gaya musu irin mutumin da za su gani. Ni ma ya gayyace ni. Mai Makulli ya ce, “Madalla,” da wata murya da ban san shi da ita ba, ya kuma lalata makulli biyu a jere.

Da ya koma gida ya sami Maman yara tana guga. Ya zagaya ta sau biyu, sannan ya zauna a bakin gado.

“Maman yara, akwai wata 'yar magana.”

“Ina ji, Baban yara.”

“Amsoshin nan da kike ba ni. Wato Minti, ban san yadda aka yi ba, ya ɗauka kamar nawa ne.”

“Ikon Allah. Shi kaɗai ya ɗauka, ba wanda ya taya shi?”

Ya ba ta labarin Asabar. Ta juya rigar da take gogewa, ta ce abin mai sauƙi ne, gobe ya kira Minti gefe ya gaya masa gaskiya, ba za ta ci minti ɗaya ba.

“Shekara huɗu fa! Da wane ido zan dube shi? Kuma ba ni kaɗai ba ne abin ji. Mutumin nan ta bakina ya fara ganin girman addinin nan. In ya ji aro nake yi, zai ce ashe duk abin ƙarya ne, tun da mai faɗar ma maƙaryaci ne.”

A nan ta ajiye dutsen guga ta dube shi, domin ta ga tsoron nasa na gaskiya ne. Ta ce, “Amsoshin gaskiya ne, mai kai su ne ke da gyara.” Amma ya kafe, ita kuwa ba ta matsa ba. Ta zauna ta koya masa amsoshi goma sha biyar a kan abubuwan da aka fi tambaya. Kwana huɗu yana haddacewa. In Minti ya fita sayen batir, sai ya fito ya tsaya a gabana ya yi mini tilawa, ni kuma in riƙe takarda. Rabon da in ga ɗalibi mai gumi irin nasa tun ina aji. A ƙarshe ya rubuta farkon kowace amsa a 'yar takarda, ya liƙa a cikin hularsa.

Ranar Asabar da zai fita, Maman yara ta ce ita ma tana da gayyata a ranar. Hankalinsa ba ya jikinsa, bai tambaye ta ina ba.

Falon Minti ɗaki ne madaidaici, bangonsa cike da agogunan da masu su suka gaji da jira suka bar masa, babu biyu da suka yarda da juna a kan lokaci. An aro kujerun roba daga maƙwabta, mutum goma sha huɗu suka zauna gwiwa da gwiwa. A kujera mai hannu, kusa da taga, akwai gwaggon Minti, yayar mahaifinsa, tsohuwa tukuf mai sanda, wadda ta zo ganin likita daga garinsu. Minti ya tashi ya gabatar da baƙonsa da yabon da ko ni da na san komai sai da na kusa yarda.

Tambayar farko daga surukin Minti ta fito, a kan azumi: me ya sa Allah zai so bawanSa ya ji yunwa? Wannan tana cikin goma sha biyar ɗin. Mai Makulli ya ɗaga ido ga rufin ɗaki, ya ce wanda ya iya barin halal na wuni ɗaya don an umarce shi, barin haram ba zai gagare shi ba, kuma mai ƙoshi ba ya tuna mai yunwa sai cikinsa ya tuna masa. Aka gyaɗa kai. Wata matashiya ta tambayi dalilin alwala, ita ma tana ciki, ya zuba ta ba tuntuɓe. Na ga kafaɗunsa sun fara buɗewa, har ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya. Sai Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa.

“Ɗana, ni ban yi makaranta ba. Abin da ka faɗa ya yi daɗi, kamar a rediyo. Amma na daɗe a duniya, na ga masu ibada iri-iri, namu da naku, kuma a gaban mutane kowa waliyyi ne. Kai da kanka nake tambaya. Wace biyayya ka taɓa yi wa Allah wadda in ba Shi ba babu wanda ya gani?”

Mai Makulli ya sauke ƙafarsa. Ya cire hula kamar zafi ya dame shi, ya leƙa cikinta, ya daɗe yana leƙawa, ya mayar.

“Gwaggo, tambaya irin wannan ba a amsa ta a zaune haka. Sai gobe.”

“Gobe muna coci, Malam,” in ji Sista daga ƙofar kicin. “Jibi kuma Gwaggo za ta koma gida.”

Ta shigo da butar shayi. A bayanta, riƙe da faranti cike da kofuna, sanye da sabon tabarau, sai ga Maman yara. Ta ajiye farantin a kan tebur, ta gaida Gwaggo har ƙasa, ta juyo ta ce, “Sannu da ƙoƙari, Malam.” Sannan ta sami kujera a gefe ta zauna, ta sunkuyar da kai.

Ina so a lura da wannan, domin a nan ne na san mutumin. Matarsa ba ta da niyyar tona masa asiri da bakinta, kuma ya san haka. Da ya so, da ya laluɓo wata magana mai daɗi daga cikin goma sha biyar ɗin ya rufe tsohuwa da ita. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai agogunan bango kowanne yana bugun gabansa. Gumi ya karyo masa. Sai ya miƙe tsaye, ya cire hular, ya ɓamɓaro takardar ya ajiye a kan tebur kusa da kofuna.

“Jama'a, ni ba malami ba ne. Aji huɗu na tsaya. Duk amsar da na taɓa ba Minti, da biyun da kuka ji yanzu, na waccan baiwar Allah ne mai tabarau. Matata ce. Ni ɗan aike ne, na riƙa cin tukuicin da ba nawa ba. Minti, ka yafe ni.”

Minti ya yi sake da baki, sannan ya fashe da dariya har yana dukan cinya. “Sai gobe! Ashe goben tana gida tana guga!”

“Kai kuma dariyar me kake yi?” in ji Sista, tana zuba shayi ba ta ko dube shi ba. “Tashi ka yi wa mutane tambaya ɗaya taka ta kanka, mu ji.”

Dariyar ta yanke masa. Ya dubi matarsa, ya dubi surukinsa, ya dubi bango. “Ta farkon dai tawa ce,” ya ce a hankali. “Ta kwaɗon. Wallahi tawa ce.”

Sai da aka yi dariya mai isarta, har matashiyar nan ta fita waje tana riƙe ciki. Gwaggo kaɗai ba ta yi ba. Ta sake buga sanda.

“Ni ba a amsa mini ba.” Maman yara ta ɗago za ta yi magana, tsohuwar ta ɗaga mata hannu. “Ba ke ba, 'yata. Shi.”

Mai Makulli ya tsaya yana murza hularsa. Da ya fara magana, idonsa ba ya kan rufin ɗaki, yana kan hannuwansa.

“Gwaggo, ni makulli kawai na sani. Wani lokaci in ina yanka, hannu yakan goce, sabon ya fito da ɗan kuskure. Sai in yanka wani in ba mai shi, ya tafi. Mai kuskuren yana nan wurina, mai ƙofa bai san da shi ba. Ni kuwa sau da yawa na san gidan, don ni na sa kwaɗon. Kuma zarto sau biyu ya isa ya gyara shi ya buɗe. To kullum kafin in rufe shago, sai in tattara na ranar in goge haƙoransu tas, su zama sumul, sannan in jefa a gwangwani. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Maigidana bai koya mini ba, hukuma ba ta sa ni ba, ko Maman yara ba ta sani ba. Ba wai ina tsoron zan yi sata ba ne, amma gwangwani kowa na iya ɗauka. Ƙofar mutum aka ba ni amana, kuma na san akwai Mai kallon gwangwanin. Akwai ranar da na gaji na ce a bari sai da safe, na rufe shago na kai bakin titi, ƙafata ta ƙi tafiya, na dawo na buɗe. Ban sani ba ko wannan ya shiga cikin abin da kike tambaya.”

“Wai ƙarar da ke hana ni jin bugun agogo kullum da yamma ke nan?” in ji Minti. “Shekara ashirin ina zaginka a zuci! Na ɗauka farce kake gogewa.”

Gwaggo ta daɗe tana kallon Mai Makulli, sannan ta ce, “Wannan na gane. Ni ina nan a addinina, amma na gane. Zauna ka sha shayi, ɗana. Sauran tambayoyin a ba matar.” Na saci kallon Maman yara, na ga tana duban mijinta ta saman tabarau, kuma a karo na farko ba ta da abin da za ta ƙara a kan maganarsa.

Daga nan zaman ya koma hannun mata. Sista ta fito da tambayoyin da ta ce ba ta taɓa ba mijinta ba saboda sun fi ƙarfin haddarsa, Maman yara tana amsawa, wani wuri ta ce ba ta sani ba sai ta duba, wani wuri su yi gardama su rabu kowa na kan bakansa, sannan a ƙara shayi. Da magariba ta kusa, baƙi suka fara tashi, aka umarci mazan biyu su mayar da kujerun aro. Na bi bayansu da kujera ɗaya, su kuma kowa ya ɗora biyar a ka. Da suka yi rabin layin, sai Mai Makulli ya yi magana daga ƙarƙashin kujerunsa.

“Minti, ka ji haushina?”

“Haushi? Ni da na yi shekara huɗu ina hadda a mota, har sau biyu aka wuce da ni tashata?”

“To amsoshin fa? Yanzu za ka ce ƙarya ne?”

“Yanzu ma suka yi daraja. Da can ina mamakin yadda suke fitowa daga wannan kan naka, har na fara zargin kaina.”

Mai Makulli ya sauke ajiyar zuciya, kujerun suka yi rawa a kansa. “To na gode. Amma don Allah daga yau ka daina ce mini Malam.”

“Ina! Yanzu na fara. Da ƙarfi, a gaban kowa, har ran da ɗayanmu zai rufe shago.”

Haka kuwa ake yi har yau. Sista da Maman yara suna ziyartar juna ba tare da ɗan aike ba, kuma in sun fito unguwa sukan biyo ta gaban shagunan. Da zarar Minti ya hango su sai ya leƙo da kai, ya ɗaga murya yadda har masu jiran mota za su ji: “Malam! Ga ɗalibarka ta zo ɗaukar karatu!” Mai Makulli kuwa sai ya sunkuya ya kunna inji, ko da babu makulli a ciki.